Ranar da Buba Ya Kira Sunan Ɗansa

Buba bai taɓa sakin jiki da mutumin da ya zo ruga da biro a aljihu ba. Tun yana yaro, yana bin shanun mahaifinsa a gefen Ɗansoshiya, ya ga masu karɓar jangali, ya kuma gane cewa wanda ya tambaye ka yawan abin da ka mallaka ba ƙara maka zai yi ba. Daga baya aka soke jangali, amma zargin ya zauna masa. Dogo ne siriri, mai magana ƙasa-ƙasa. Idan aka yi masa tambaya sai ya fara duban ƙasa, kamar a can ya ajiye amsar.

A shekarar 1983 cutar bushiya ta shiga garkensa, ta bar masa abin da bai kai a kira shi garke ba. Ya rungumi fartanya, yana noma dawa da gyaɗa. Bayan haka wani mutum ya zo Kwanar Dangora da babbar mota yana ɗibar samari, wai aikin hanya ne a kudu, ga abinci ga wurin kwana. Hamman, ɗan Buba na biyu, ya hau motar. Buba ne da bakinsa ya ce masa ya je. Abin da ya dawo gida labari ne a bakin wani direba: zazzaɓi ya kama shi, an binne shi a can. Ba wanda ya iya faɗa wa Buba sunan garin daidai.

Saura Lawal, ɗan fari. Bisa al'ada Buba bai taɓa kiran sunansa ba, ba ya zama da shi, ba ya yabonsa a gaban mutane. Idan ta kama dole sai ya ce "wancan". Yalwa, uwar yaran, ita ma haka. In tana son ganinsa sai ta aiki ƙanwarsa Barakatu.

Shi Lawal hankalinsa na kan inji. A lokacin injinan ban ruwa sun fara yawa a fadamu, masu gyaransu kuwa ba su da yawa. Da ya ji gwamnati tana haɗa samari da masu sana'a don su koya, sai ya je ya ba da sunansa, ya ce wurin Gwadabe makaniki yake so, a Kwanar Dangora. Sharaɗi ɗaya ya rage: mahaifi ya tabbatar wa jami'in shirin, baki da baki, cewa ɗansa ne kuma ya amince. Lawal ya gaya wa Barakatu, Barakatu ta gaya wa innarsu Yalwa, ita kuma ta tsaya jiran ranar da za ta ga fuskar maigidan a sake. Kafin ranar ta zo, babur ya riga ta.

Wani hantsi ne a rani, a 1988. Jami'in saurayi ne ɗan birni, sunansa Malam Khalil. Ya kafe babur nesa da shanu, ya cire takalmi, ya durƙusa ya yi gaisuwa yadda ya kamata. Buba ya lura da ladabin, kuma ladabin ya ƙara masa zargi, don mai motar nan ma sai da ya durƙusa.

"Baffa, kai ne mahaifin Lawal Buba?"

Buba ya dubi ƙasa. "Masu wannan suna suna da yawa a ƙasar nan."

Khalil ya yi murmushi. "Na gane, Baffa, ɗan fari ne. Mu ma a gidanmu haka ake yi. Ba sai ka kira suna ba. Ka ce mini e kawai, sana'a za mu koya masa."

"A ina?"

"Kwanar Dangora."

Can ne dai motar da ta tafi da Hamman ta tsaya. Buba ya ce, "Ni ba ni da ɗan da za a koya wa sana'a. Ka tambaya gaba."

"Baffa, ba ɗanka ba ne ke nan?"

"Na faɗa maka."

Murmushin Khalil ya ɗauke. Shi ma da nasa zargin ya zo, domin an sha samun samari daga wasu garuruwa suna aron uba a ƙauye don su sami gurbi. Ya miƙe, ya karkaɗe wandonsa, ya ce ranar kasuwa mai zuwa za a miƙa yara ga iyayen gidansu, kuma zai ba wani gurbin da ke wurin Gwadabe. Ko nonon da Yalwa ta aiko bai sha ba.

Lawal ya dawo daga gona ya ji abin da ya faru. Washegari Barakatu ta gan shi yana wanke jakarsa, ya kuma kai takalmansa wurin baduku. Ta tambaye shi, ya ce wani mai tirela ya ce zai ɗauke shi yaron mota, zuwa kurmi.

Yalwa ba mai fuskantar miji da magana ba ce. Ta kawo masa fura, ta zauna ta ba shi gefe, tana magana kamar da ƙwaryar take yi.

"Malam, ka rufe ƙofar da ake ganin ta daga nan. Wancan kuma ya sami wadda ba a gani."

"Wa ya san inda za su kai shi?"

"Ni ban sani ba. Amma Kwanar Dangora da ƙafa ake zuwa. Inda ɗayan yake kwance fa, da me ake zuwa?"

Buba bai sha furar ba.

Da sassafe ya ɗauki sandarsa ya nufi Kwanar Dangora, bai gaya wa kowa ba. Ya sami rumfar Gwadabe a bakin titi, ya zauna a kan wata tsohuwar taya, wai hutawa yake. Yana kallon komai. Ya ga almajiran makanikin hannu baƙi ƙirin da baƙin mai, amma ba ramammu ba ne. Ya ga an kawo tuwo sun ci a kwano ɗaya da maigidansu. Ya ga da aka kira azahar an ajiye sifana. Ya ga wani ya ɓata zaren kusa, Gwadabe ya zage shi tas, amma bai ɗaga hannu ba. Duk da haka ransa bai kwanta ba. Mai tallan bijimi ai sai ya wanke shi.

Gwadabe kakkaura ne, asalinsa Babarbare, don haka Bafillace abokin wasansa ne. Tun ɗazu yake satar kallon baƙon.

"Kai bawana! Tun safe kana ƙirga mini injina da ido. Ba sa ba da nono, ka ji?"

"Wa zai saci kayan bawansa?" in ji Buba. "Tambaya nake. Yaran nan, ina kake kai su in sun iya?"

"In kai su ina? Korar su nake su je su buɗe tasu rumfar, su daina cinye mini tuwo. Ga ɗaya can a Tudun Wada, wani yana Doguwa, je ka duba in ba ka yarda ba."

"Mota ba ta zuwa ɗibarsu?"

Gwadabe ya daina dariya. Ya goge hannu da tsumma, ya dube shi sosai. "Kai ne uban yaron da aka ce ba shi da uba?"

Buba ya dubi ƙasa.

Bai ɗauki maganar Gwadabe haka nan ba. Kashegari ya shiga mota zuwa Tudun Wada, ya nemi rumfar tsohon almajirin Gwadabe, ya sami yaron da ransa da lafiyarsa, har da mata da ɗa.

Ranar kasuwa mutane suka taru a gaban rumfar Gwadabe, iyaye da samari da 'yan kallo. Lawal yana can baya da jakarsa, yana jiran mai tirela. Khalil na shirin kiran wanda zai maye gurbin sai ya ga Buba ya ratso taron.

"Baffa, lafiya?"

"Yaron nan da ka zo nema. Na amince."

"Wane yaro? Da bakinka ka ce mini ba ka da shi." Khalil bai ɗaga murya ba, amma bai sassauta ba. "Ran nan e kawai na nema. Yau kuwa, in ban ji sunan daga bakinka a gaban shaidu ba, gobe ni za a ce na sayar da gurbi."

Akwai Fulani a taron, tsofaffin da suka san Buba tun yana kiwo. Gwadabe ya buɗe baki zai yi wasa, sai ya fasa. Buba ya dubi ƙasa, ya daɗe, sannan ya ɗago.

"Lawal," ya ce. "Lawal ɗana ne. Ni na haife shi."

Wani tsoho ya rufe baki da gefen rawaninsa. Lawal, wanda bai taɓa jin sunansa a wannan muryar ba, ya sunkuyar da kai, ya ajiye jakar a ƙasa.

Buba ya juya ga Gwadabe. "Duk ranar kasuwa zan zo in gan shi da idona."

"Ka zo da man shanu, bawana, in ba haka ba kada ka zo."

Haka kuwa aka yi. Lawal ya ƙware, ya buɗe tasa rumfar a Kiru, manoman fadama suna kawo masa injina daga nesa. Buba bai fasa zuwa ba. Yakan zauna nesa kaɗan, ya ba rumfar gefe, kamar mai jiran mota, ya tashi ba tare da ya yi wa ɗan magana ba. Har ya rasu a daminar 1997 bai yarda da mai biro ba, bai kuma sake kiran sunan Lawal ba, ya koma cewa "wancan". Sunan Hamman kuwa, wanda babu wata al'ada da ta hana shi faɗa, tun ranar da direban nan ya zo ba a ƙara jin sa a bakinsa ba.