Yadda Na Mayar da Munduwar Inna Gyaɗa

Shekarar da aka tura ni koyar da zane a wata sakandare kusa da Kiru, abu biyu nake ji da su a duniya, tsohon babur ɗina da takardar shaidar kwaleji. Sai kuma na tsinci wata mujallar Turawa a ɗakin malamai, bangonta ma ya yage, cike da hotunan kayan ado na azurfa masu siffar ganye da fure da kwanson wake. Na ƙura wa hotunan nan ido har na yanke hukunci cewa maƙeranmu barci suke yi tun kaka da kakanni, kuma ni aka aiko in tashe su.

A Ƙafin Maiyaki akwai wani dattijo maƙerin fari da kowa ke kira Baba, wato mai aikin azurfa da tagulla, ba mai garma da lauje ba. Ran kasuwa matan Fulani kan cika rumfarsa da 'yan kunne da awarwaro na gyara. Na fara zuwa wurinsa bayan an tashi daga makaranta, ya bar mini zugazugi ina hura masa wuta. Ni kuma, don kada in ci bulus, nakan yi masa lacca a kan sana'ar da ya fara tun ba a haife ni ba.

"To, Ticha," abin da yakan ce ke nan, ya ci gaba da aikinsa.

Shi ya koya mini zubi. A siffanta abu da kakin zuma, a lulluɓe shi da yumɓu a bar 'yar ƙofa, in ya bushe a gasa, kakin ya tsiyaye, sai a zuba narkakken ƙarfe a gurbinsa. Gagarumar fasahar da na kawo ita ce a bar kaki, a lulluɓe ainihin abin, wuta ta cinye shi, a busa tokar. Na gwada da dalma. Ganyen zogale ya ba ni wani abu kamar kashin kaji. Furen kabewa bai ba ni komai ba sai ƙuna a babban yatsa. Amma kwanson gyaɗa ya fito tsaf, har da 'yan jijiyoyin bayansa. Ranar ko sallamar kirki ban yi wa Baba ba don ɗoki.

Abin da ya rage mini azurfa, albashina kuwa bai san hanyarta ba.

Ana haka na je gida Bebeji, na tarar munduwar Inna ta tsage. Siririya ce, ta mahaifiyarta, wadda ta rasu Inna tana da goyon fari. Ba ta gaji komai daga gare ta ba sai ita, kuma tun da na buɗe ido ban taɓa ganin hannunta babu ita ba. Ta kwance ta daga bakin zane ta miƙo mini.

"Kai, tunda ka ce kana zama wurin maƙeri, kai masa ya liƙe mini. Liƙewa kawai."

Na ce to. Kafin in kai Kiru na gama shawo kan kaina. Tsohuwar aba ce, zanenta duk ya shafe, in an liƙe ma za ta sake tsagewa. Ashe ba gara in mayar mata da ita abin wuyan da babu mai irinsa a duk ƙasar Kano ba? Har ina hango matan unguwa suna tambayarta wa ya yi, tana sunkuyar da kai don kunyar ɗan fari.

Baba ya jujjuya munduwar a tafinsa, ya ce, "Aikin rabin sa'a ne. Miƙo mini awartaki."

Na ce, "Ai narkawa za a yi, Baba."

"Ita mai abin ta ce a narka?"

"Ta ce in yi yadda na ga ya dace."

Ya ajiye munduwar a gabana. Ƙaryar ko gishiri babu, kuma ya gane. Ya ce, "Ni dai hannuna ba zai sa ta a wuta ba. Ga kasko can, ga gawayi."

Na ɗauki wannan a matsayin kishin tsoho. Na zaɓo gyaɗa mai 'ya'ya uku, na shafe ta da yumɓu, na jira kwana huɗu ta bushe, na gasa, na busa tokar. Na sare munduwar gida biyar na zuba a kasko. Lokacin da gutsattsarin suka yi ja, suka lanƙwashe, suka haɗe suka zama ruwa mai sheƙi, gabana ya faɗi sau ɗaya. Na ce wa kaina zafin wuta ne.

Abin haushin shi ne aikin ya yi kyau. Da ya lalace, da na sami abin zargi. Bayan na zuba azurfar a gurbin gyaɗar ta huce, na fasa yumɓun, na dafa ta a ruwan lemon tsami, na goge da toka, sai ga gyaɗa fara tas. Matan Fulanin da ke rumfar suka karɓa suna miƙa wa juna, suna magana da Fulatanci suna dariya. Ban ji ko kalma ɗaya ba, saboda haka na fassara wa kaina cewa yabo ne.

Ran Asabar da hantsi na isa Bebeji. Inna tana tsakar gida tana tankaɗe. Na durƙusa na gaishe ta, na buɗe hankici a gabanta kamar mai nuna jariri.

Ta duba ta ce, "Gyaɗa."

"Ta azurfa ce, Inna. Da hannuna na yi."

"Na gani. Ina munduwar?"

"Ai ita ce wannan."

Ta ajiye rariya. Ta karkaɗe garin hannunta a hankali, ta ɗauki abin, ta auna nauyinsa a tafinta. Ni kuma bakina ya ƙi tsayawa, ina ta bayanin yumɓu da jijiyoyin kwanso da yadda Turawa ke yi.

Ta ce, "Buhu biyu gare ni a ɗaki. Tun ina yarinya nake ɓarar ta har farcena ya ƙare. Da gyaɗa kake so, da ka tambaya na cika maka kwano."

Ba ta ɗaga murya ba, ni kuwa da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Nan take duk ilimina ya zube, kunya ta rufe ni, na ji ina ma ƙasa ta tsage in shige. Na ce, "A ba ni in mayar, Inna. Baba zai sake narka ta ya ƙera miki munduwa irinta sak, ba za ki bambance ba."

"Zan bambance."

Na miƙa hannu duk da haka. Ta dunƙule nata, ta janye shi zuwa ƙirjinta. A lokacin na lura da wuyan hannun, inda fatar ta yi wani farin zobe siriri, wurin da rana ba ta taɓa ba shekara da shekaru.

Ta ce, "Bar mini ita haka. Ta sha wuta sau ɗaya, ya isa. Abin da ya rage mini na uwata ke nan."