Shekarar da Malam Ya Daina Shan Ruwa

Mijina bandar kifi yake saye a Gashuwa ya kai Nguru, har ranar da motar kifi ta kife da su kusa da Jajimaji. Lakar bayansa ta taɓu, ƙafafu suka mutu. Keken guragu bai daɗe ba ya saba da shi. Fitsari ne ya gagare shi. Mafitsara takan matse ba sallama, kafin ya kira ni wando ya jiƙe.

Wata la'asar abin ya same shi a ƙofar gida, a gaban abokansa. Ya juya kekensa ya shigo gida. Washegari ya daina shan ruwa da rana, ga zafin bazara, har leɓɓansa suka tsattsage.

"Malam, ko kurɓi ɗaya," nakan ce.

"Bari kawai. Wankin ya yi miki yawa."

"Na taɓa yi maka ƙorafi?"

Sai ya kau da kai.

Da zazzaɓi ya kwantar da shi, yayansa ya kai mu asibiti a Kano. Likitan ya ce ƙin shan ruwa zai lalata ƙoda. Ya ce saƙon da ke tsakanin ƙwaƙwalwa da mafitsara ne ya yanke, shi ya sa take gaban kanta. A ƙasashen waje, in ji shi, ana gwada wata na'ura mai maganaɗisu da ake ɗorawa a ƙugu ta kwantar da jijiyoyin, amma ba ta zo mana ba tukuna. Ya rubuta ƙwayoyi, wata ma'aikaciyar jinya ta koya mini sa robar fitsari a kan lokaci.

A hanyar dawowa Malam ya yi ta maganar na'urar.

"Maganaɗisu fa, irin na cikin rediyo. Ashe har jijiya yake lallashi."

Ya yi dariya. Na daɗe ban ji ta ba.

Ba mu taɓa ganin na'urar ba. Lokutan salla muka bi: in wanke hannu da sabulu, in sa robar, in cire, sannan ya yi alwala. Kwanakin farko bango yake kallo, ni kuwa in yi ta surutun tsadar barkono don kada shiru ya yi mana nauyi. Daga baya shi ke tuna mini lokaci ya yi, ya kuma koma shan ruwansa.

Limamin unguwa ya zo duba shi, ya ce mai lalura irin tasa sallarsa tana nan daram. Juma'ar da ta biyo baya Malam ya ce in ɗauko babbar riga, yayansa ya tura shi masallaci.

Ya dawo da ɗan danshi a wando. Ina canja masa yana ba ni labarin wanda ya tsufa, da wanda aka ce ya rasu bai ji ba.