Hannun Saje Bawa da Libarbar Gwamnati

Bana shekara talatin ke nan da muka kai Saje Bawa makwancinsa a Bagudo. Jikokinsa sun san shi a matsayin manomin albasa wanda ba ya iya ɗaga buta da hannun dama sai ya tallafa da hagu. Kaɗan ne cikinsu suka san abin da ya sami hannun. Ni na sani, domin ni na yi ta ɗaure shi, kuma cikin waɗanda suka ga abin da idonsu ban san wanda ya rage ba sai ni.

A Illo na san shi, daf da samun 'yancin kai. Ni sabon malamin asibiti ne, ina riƙe da ɗan ɗakin shan magani na garin. Shi kuma saje ne a ofishin 'yan sandan kan iyaka, ƙarƙashin wani Bature. Da maganar tafiyar Turawa ta tabbata, aka ce Bawa ne zai gaji kujerar, da sharaɗin ya ci jarrabawar harbi da ƙaramar bindiga, wadda muke kira libarba. Shugaban ofis kaɗai ke rataya ta. Bawa gwani ne da doguwar bindiga, wadda ake jinginawa a kafaɗa. Amma wuyan hannunsa na dama ya taɓa karyewa tun yana saurayi, ranar da kwalekwale ya matse shi da gaɓa, kuma ɗorin bai zauna daidai ba.

Libarbar gwamnati tana da nauyi, tana kuma da naushi. Idan ya harba sai ta tokari tafin hannunsa, bakinta ya yi sama. Harsashin farko yakan faɗa inda ya nufa, na biyu ya ɗan hau, na bayansu kuwa sai a neme su a rassan bishiya. Duk ranar gwaji zai shigo wurina da la'asar, ya ɗora hannun a kan tebur a kumbure, in shafa masa magani in naɗe da bandeji. Bai taɓa ce mini yana jin ciwo ba. Iyaka ya ce, "Malam, wagga aba ba ta son mutane."

A tsallaken iyaka, ƙasar da ake kira Dahomey a lokacin, akwai takwaransa, wani jandarma Badendi mai suna Gado. Sun saba tun suna kora wa juna ɓarayin shanu. Gado yana da wata ƙaramar bindiga da wani Bafaranshe mai son wasan harbi ya bar masa, an yi mata 'yan huji a saman baki. Idan an harba, wani kaso na hayaƙi da wuta ya fita ta hujin ya yi sama, ya danne bakin, sai ba ta tsalle a hannu. Da Gado ya ga bandejin abokinsa, ya ce a haɗu bakin kogi a gwada.

Ni ma na je. Muka jera duma a kan rairayi. Bawa ya fara da tasa, ya fasa kaɗan, sauran suna zaune. Ya karɓi ta Gado, ya bi su ɗaya bayan ɗaya har ba saura. Ya tsaya yana buɗe yatsunsa yana rufewa, sai na ga ya yi dariya, abin da ban taɓa gani ba bayan harbi. Sai dai ni da ke tsaye kusa da shi na sha wuya. Ƙarar ta fi ta libarba kaifi nesa ba kusa ba, kunnena bai daina kuka ba har na yi sallar magariba. Wutar kuma tana tashi daidai gaban idon mai harbi, har wani ɓurɓushi mai zafi ya same ni a kunci.

Gado ya ce, "Riƙe ta har ka gama jarrabawa, Saje. Allon harbi za a duba."

Bawa ya ce, "In na ci da taka, ranar aiki tawa ce a ƙuguna." Ya miƙa masa abarsa.

Ya koma gwaji da ta gwamnati, yana kama ta da hannu biyu, kuma ya fara samunta. Na ɗauka zai ci. Sai ga abin da ya faru a kasuwar Lolo, can bakin iyaka.

Ranar ina yi wa yara lambar rigakafin cutar agana a wata rumfa da aka kewaye da zana, ƙofa ɗaya. Mata sun cika ta da goyo. Sai hayaniya ta tashi daga wajen masu kifi, aka ce mahaukacin kare ne, ya riga ya ciji wani mai jaki. Kasuwa ta watse, mu kuwa babu inda za mu bi. Bawa yana sintiri kusa, libarba a ƙugunsa, domin Baturen ya tafi hutu ya bar masa riƙo. Ya shigo rumfar kusan tare da karen. Da hannun hagu ya tura wata mata mai goyo bayansa, saboda haka dama kaɗai ta rage masa, kuma karen ya riga ya iso gwiwarsa. Bai sami damar miƙe hannu ba. A karkace ya harba, bindigar na manne da cinyarsa. Karen ya faɗi bai sake motsi ba. Naushin kuma ya sauka daidai kan tsohuwar karayar, ɗorin ya tsage.

Na ga hannun yana lilo, na taso. Ya ce, "Gama da yaran tukuna, Malam. In sun watse ba su dawowa." Haka ya zauna a bakin rumfa, gumi na zuba, har na gama da na ƙarshe.

Da Gado ya zo gaishe shi, ya saurari yadda abin ya kasance, ya ce an yi sa'a da ba tasa ce a hannun Bawa ba. A irin wannan riƙo, wutar hujin fuskarsa za ta nufa, kuma bai san abin da ƙarar za ta yi wa kunnen jarirai a cikin rumfa ba. Mutane suka ɗauki maganar, suna cewa Saje ya hango haka tun a bakin kogi. Shi kuwa duk wanda ya faɗa masa sai ya ce bai hango komai ba, abin da ke ƙugunsa ya zaro.

Jarrabawa ta zo hannu bai gama warkewa ba. Hafsan da ya zo duba shi ɗan ƙasa ne, ya kuma ji labarin Lolo. Gado ya aiko da bindigarsa a ƙarƙashin kwandon busasshen kifi, ni na kai ta da kaina. Hafsan ya faɗa mini a gefe cewa shi ba zai kalli abin da ke hannun Saje ba. Na roƙi Bawa, na tuna masa matarsa da 'ya'yansa, na ce wannan kujera haƙƙinsa ce. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Mayar mishi, ka ce na gode. Kifin dai ka bar muna."

Ya harba da libarbar gwamnati, bai ci ba. Hafsan ya rubuta abin da ya gani, aka kawo wani aka ba shi ofishin. Bawa ya yi aiki ƙarƙashinsa na ɗan lokaci ba tare da gardama ba, daga baya ya ajiye kaki ya koma Bagudo ya kama fadama.

Nakan yi tunanin abin da zai ce da ya ga zamaninmu. A lokacinsa ƙaramar bindiga ɗaya ce a ofishin iyaka duka, kuma sai an tabbatar mutum ya iya ta kafin a rataya masa. Yau tana yawo a kan babura tsakanin ƙauyuka, a hannun waɗanda ba wanda ya tantance. Ina ganin samari suna kallon masu harbi a waya, suna musu kan wadda ta fi laushi a hannu, mai huji ko marar huji. Musun ba banza ba ne, na ga bambancin da idona, kuma mai raunin hannu yana da dalilin neman sauƙi. Amma ban taɓa jin sun yi maganar wanda ke tsaye kusa da mai harbin ba. Gado ya tsufa hannunsa lafiya lau, kunnensa kuwa sai an yi masa ihu. Ina jin Bawa zai saurari musun samarin, ya tambaye su ina za su yi aiki da ita, su wa za su kasance a wurin.

Har yau ban yarda gaba ɗaya cewa ya yi daidai ba. Wanda aka ba kujerar bai kai shi sanin mutanen iyaka ba, kuma garin ya ji a jikinsa. Wani lokaci nakan ce taurin kai ne. Amma na yi aiki da mutane da yawa bayansa, kuma kaɗan na gani waɗanda za su ƙi a shaide su da abin da ba za su iya maimaitawa ba ranar da aka dogara da su. 'Ya'yansa sun ɗauko wannan hali, ko da ba su san asalinsa ba. Idan ɗan gidan ya ce maka buhun nan albasar bana ce, ba sai ka kwance ba.

A shekarunsa na ƙarshe, muna zaune a gindin mangwaron fadamarsa, na tambaye shi ko ya yi nadama. Na zaci zai ce a'a.

Ya ce, "Na yi mana. Da farko in na hango mutumin nan cikin motar ofis, gida nake shigewa kada mu gaisa." Ya dubi ruwa na bin kwarin albasa. "Daga baya na ga ina barci lafiya, albasa kuma ta yi kyau, sai na fara ɗaga mishi hannu. Na hagu."

Allah ya jiƙan Saje Bawa, ya sa ya huta.