Baba Khue da Kartar Ɗan Dako

Ranar tara ga watan uku na lissafin wata, ina tsakiyar sauke dilar yadi a kasuwar Dong Xuan, mai shayi ta ce mini, "Ɗan'uwa Thuoc, ajiye kayan nan. Baba Khue ya rasu." Na ajiye, na zauna a kan dilar.

Baba, shekara arba'in ka yi kana koyarwa, ka yi ritaya ka dawo bencin shayinmu kana bin asalin kalmomi. Mu 'yan dako "cuu van" ake kiranmu, kuma duk tsawon rayuwata zagi na ɗauke shi. Da za a kawo kayan baikon 'yata Nhan, ta roƙe ni da hawaye in ce wa surukai ni mai gadi ne. Na zo maka zuciyata a ƙuntace.

Ka ce, "Kai da sunan sana'arka, ba ka san daga ina ya fito ba? Ba ni kwana uku."

Ka dawo da tsohuwar karta guda ta wasan "to tom", wanda dattawa ke bugawa. A jikinta ga mutum da kaya a kafaɗa, kuma sunan kartar cuu van.

"Daga nan aka samo sunanku," ka ce. "Tun ba a haifi kakana ba yake ɗauke da kayan nan, bai sauke ba. Dubi fuskarsa da kyau. Ka ga kunya?"

Na ƙura wa kartar ido. Ashe an zana mu tun da daɗewa, mu ne ba mu sani ba.

Ranar baiko na ajiye kartar kusa da faifan ganyen betel, wanda shi ne goron baiko a wurinmu, na faɗi sana'ata da bakina. Uban yaron ya ɗauke ta da hannu biyu, ya daɗe yana kallo, sannan ya zuba mini shayi da kansa. Nhan ta ɗago kanta.

Jiya iyalinka suka nemi a yi hayar masu ɗaukar makara, muka ce ba a yi haka muna raye ba. Mu takwas muka ɗauke ka, kartar tana aljihun rigarka.

Ina miƙa ta'aziyya ga matarka Inna Luu da 'ya'yanku. Mai Sama ya jiƙanka, ya sassauta maka hanya, turaren tunawa da kai ba zai mutu a gidana ba. Shekara talatin ina dako, Baba, kai ne kaya na farko da na isa da shi ban so saukewa ba.