Inna Mai Lema da Masu Cewa A'a

Kafin rana ta yi zafi, Inna Mai Lema ta riga ta shiga gida na uku, jakar fom a kafaɗa, akwatin kwalaben jini a hannu. Shekara goma sha tara ke nan tana bin gidaje tana yi wa cibiyar binciken lafiya aiki. Ba ta buɗe fom sai ta zauna ta tambayi lafiyar yara, sannan ta faɗi abin da abokan aikinta ke haɗiyewa: "'Yata, kina iya cewa a'a, kuma ba mai hana ki magani a asibiti."

Wasu kuwa sukan ce a'a. Sai ta rubuta dalilinsu a gefen fom: wannan mijinta bai sani ba, waccan an ɗebi jinin ɗanta bara, har yau ba a faɗa mata sakamako ba.

Bana, ana saura wata guda ta yi ritaya, aka turo kwamiti ya zaɓi bincike uku cikin tara, don a duba yadda ma'aikata ke mu'amala da jama'a. Inna ta yi murna, ta ɗauka za a karanta koken matan nan kafin a kulle takardun a sito. Ashe tsabtar takarda kwamitin yake nema. Suka ajiye nata, wai masu ƙi sun yi yawa, kuma fom ɗin duk rubutu. Suka ɗauki waɗanda kowa ya dangwala yatsa ba musu. Wannan abu ya ƙona mini rai. An zo neman gaskiyar mu'amala, an tsallake wurin da mutane suka buɗe baki.

Ta sami shugaban kwamitin ta ce, "Ranka ya daɗe, inda kowa ya ce to, can ya kamata ka tsorata." Ya yi mata godiya yana duba agogo.

Inna, ke ce mai zama kafin tambaya. Ranar sallamarki ba ɗan kwamiti ko ɗaya, amma wata matar tela da ta ce miki a'a sau uku ta zo, ta riƙe miki lema har bakin titi.

Mun gode, Inna, Allah ya saka miki. Masu bin gidaje, ku koyi karɓar a'a yadda ta karɓa. Ku kuma 'yan kwamiti masu zaɓe, takardunta na nan a sito, kwali na huɗu daga ƙofa, kuma gara ta fara ci.