Hatimin da Aka Ja wa Magagari

Ƙarfe huɗu da minti goma na yammacin wata Asabar, mu uku ne a gaban wani akwatin gilashi a ɗakin gwanjo a Doha: ni, da kafil ɗina, wato maigidan da ya ɗauko ni aiki, da wani malami ɗan Zariya mai karatun digiri na uku, wanda na roƙa ya zo daga unguwar Mansura ya duba mini wani rubutu. Ni direba ne. Kafil ɗina dattijo ne mai tara tsofaffin hatimai da zobba, duk gwanjon da za a yi a Doha ni ke kai shi. Aikina uku ne: in tuƙa, in riƙe masa gilashin dubawa, in yi shiru.

Tun ranar Alhamis da aka baje kayan don kallo, na ukun ya gagare ni. A jere na biyu akwai hatimin azurfa mai kusurwa takwas, an ja masa layi da magagari daga gefe zuwa gefe. Takardar gwanjon ta ce daga Afirka ta Yamma yake, kuma ya lalace. Ba lalacewa ba ce. Kakana magatakardan alƙali ne. Ranar sadakar bakwai ɗinsa, a idona, mahaifina ya ja wa hatiminsa irin wannan layin don kada a buga takarda da sunan mamaci. Bayan rabon gado hatimin ya ɓace.

Kwana biyu ban ci abinci a zaune ba. Sau biyu ina wuce kwanar gidanmu a unguwar Ain Khaled.

Rubutun hatimi a juye yake, sai an buga ake karantawa, ga shi ma'aikaciyar wurin ta ce ba a taɓawa, balle a buga. Malamin ya ɗauki hoto ya juya shi a waya. Layin sama kabbara ce, na ƙasa addu'a. Na tsakiya, inda sunan yake, magagari ya cinye.

"Baba, wanda ya ja layin nan ya iya aikinsa," in ji shi. "Ba ku da tsohuwar takarda da aka buga da shi, mu gwada?"

Na fita baranda na kira yayata can gida. Ta ce takardun adaka gara ta riga mu. Na dawo, na sake fita, na sake dawowa.

Shekara shida ban taɓa roƙon kafil ɗina komai ba. Ranar na roƙe shi ya taya hatimin. Ya karɓi gilashin ya duba, ya ce shi ba ya sayen mai tabo, amma in na tabbata na kakana ne zai ɗaga hannu. Malamin ya taka mini ƙafa, alamar in ce na tabbata. Na ce ban tabbata ba.

"Khalas," in ji kafil ɗina, wato shi ke nan.

Ƙarfe biyar da rabi wani da ke tayi ta waya ya saya. Ba a faɗin suna, ba a faɗin ƙasa.

Mai karatu, in akwai hatimin wani dattijo a gidanku, yau ka samo tawada da farar takarda ka buga shi sau uku. Ka rubuta sunan mai shi a ƙasa, ka raba takardun gida uku.