Shamuwar da Anasara Ya Zana

Shekarun baya, lokacin ina jami'a nan Damagaram, na yi wa kakata wani alkawari da cikakken baki, irin wanda sai mai sabon ilimi take yi.

Kakata ba ta san fuskar mahaifiyarta ba. Tana goye uwar ta rasu, ba a bar ko hoto ba. Abin da ya rage shi ne labarin da kowa a gidanmu na cikin Birni ya haddace. Wai zamanin Turawa an yi wani Anasara ɗan Faransa da ya sauka kusa da mu. Ba soja ba ne, ba ɗan kasuwa ba. Yawo yake yi tsakanin duwatsu da bakin tafki, yana tsinkar ganye, yana zana tsuntsaye a takarda. Mutane suka ɗauka taɓin hankali ne mara cutarwa, suka ƙyale shi. Kuma wai wata rana ya zana mahaifiyar kakata, har ya rubuta sunanta a ƙasa. Da farkon damina aka haife ta, shi ya sa kowa yake ce mata Shamuwa.

A shekarar nan ciwon yanar ido ya fara rufe idon kakata. Wata rana ina yi mata tsifa ta ce, "Ni dai kafin duhu ya gama shigowa, ina ma in ga takardar nan."

Na ce, "Kaka, in tana duniya zan kawo miki ita."

Wani mushe, wato malami, da yake koya mana tarihi ne ya nuna min hanyar bincike. Na sha zama gaban ordinata, wato kwamfuta, har na gano mutumin. Ashe da ciwo ya koma ƙasarsu, bai tsufa ba ya mutu, bai kuma taɓa buga littafi ba. Ƴar'uwarsa ce ta kai akwatunansa wani ɗakin ajiye takardu. Ruwa ya ɓata wasu, wasu sun ɓace, amma an jera sunayen waɗanda suka tsira. A cikinsu na ga an rubuta "Chamoua, Zinder", wato Shamuwa, Damagaram, da irin rubutunsu na Faransanci. Sai da na yi hawaye. Na tattaro Faransancina mafi kyau na roƙe su hoton takardar, suka ce za su aiko.

Ban jira ba, na shelanta wa gida. Yayana ya ce, "Ke, kin dai tabbata?" Na ce masa ya bar aikin bincike ga masu shi. Gwaggona kuwa ta riga ta yanke hukunci: "Za ku ga inda na samo hancin nan nawa."

Ranar da saƙon ya iso na ƙi buɗewa, don ina so idon kaka ya riga nawa. Na aro ordinatar ƙawata, bayan la'asar aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, har maƙwabta suka shigo. Na yi bismilla na danna.

Shamuwa ce. Tsuntsuwa. Tana tsaye kan reshen tsamiya da dogayen ƙafafunta, baƙin baya, farin ciki. A wannan lokacin ita kaɗai ce mai farin ciki a gidan.

Can gwaggona ta ce, "To, wannan hancin dai ba nawa ba ne."

Yayana ya ce, "Amma Gwaggo, ga ƙafafunki nan sak." Gida ya kaure da dariya. Ni kuwa ina ta neman inda zan sa fuskata.

Kaka ta ce, "Dariyar me kuke yi? Ku matso min da ita."

Na durƙusa kusa da ita. "Kaka, ki yafe min. Tsuntsuwa ce."

"Na gani, ban makance ba tukuna." Ta kai fuskarta dab da gilashin, ta daɗe. Sannan ta sa yatsa a wani lungu daga ƙasa. "Nan fa? Ƙara min girmansa."

Na ƙara. Ƙarƙashin reshen akwai wani zane dishi-dishi da fensir, wanda duk cikinmu ba wanda ya lura da shi: katanga, turmi, da wata mata ta ba da baya, ta ɗaga taɓarya sama. Da alama ya sa ta ne kawai don a san a cikin gida tsuntsuwar take.

Kaka ta ce, "Ga ta nan."

Na ce, "Kaka, ai ba fuska. Kowace mace ma za ta iya zama."

"Ke ƴar lekwal, duk bokon nan, ina hankalinki? Matar aure a Birni ta tsaya baƙon namiji ya ƙare mata kallo? Da na ga fuska, da na ce ƙarya kika kawo min." Ta shafa bayan matar da yatsa, a hankali, daga wuya zuwa ƙugu. "Ashe doguwa ce."

Ba wanda ya sake yin dariya.

Na sa aka buga mata hoton babba, yana gefen gadonta har idon ya rufe gaba ɗaya, har ta koma ga Allah. Nakan tuna mutumin nan da ya ƙarar da ransa yana ƙirga gashin tsuntsaye, ya mutu bai san cewa ƴan layukan da ya ja cikin sauri su wata tsohuwa take jira ba. Ko ita ce a zanen, ko ba ita ba, wannan tambayar ta daina damuna. Kakata ta gan ta, ni ma na gan ta.

Yanzu hoton yana ɗakina. In baƙi suka tambaya, sai in ce kakar mahaifina ce. Su dubi tsuntsuwar, su dube ni. Ba na yi musu bayani.